Lungu Namu, Babbar Magudana Ta Hukuma: Darasin Aikin Sa Kai Daga Birnin Karaci

Duk wanda ke cin kasuwar Ɗan Isa, ko ta Birnin Ƙonni, ko Magarya, ko yake tsallakawa zuwa Jibiya da Illela da Maigatari, ya san yadda kasuwa ke komawa da zarar an sheƙa ruwa na awa biyu a watan Agusta. Lambatu ya cika ya dawo da ruwa cikin rumfuna, ledoji da ɓawon rake su yi ta yawo a kan hanya, amalanke ya maƙale, mai shinkafa da mai gari su shiga neman duwatsu da katako don ɗaga buhuna. Washegari kuwa mai yankan tikiti na ma'aikatar magajin gari zai iso kamar yadda ya saba. A nan ne ake jin maganar da kowa ya haddace, wato kullum muna biya amma ba mu ga abin da ake yi da kuɗin ba.

Daminar 2024 ta nuna mana cewa lamarin ya wuce jiƙewar kaya. A wannan shekara ambaliya ta hallaka mutane fiye da 300 a Jamhuriyar Nijar, ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A watan Satumba tsohon masallacin nan na ƙasa da ke Damagaram ya rushe, kwanaki kaɗan bayan haka ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri. Ruwan sama dai na Allah ne, amma toshewar magudana aikin ɗan Adam ne. Shi ya sa a wannan mako muka ga ya dace mu duba rawar da masu aikin sa kai za su iya takawa wajen ƙarfafa hukumomin birane. Kuma tun da wuri mu faɗa, ba muna nufin 'yan sa kai masu ɗaukar makami ba. Muna nufin mutanen unguwa da na kasuwa da ke ba da lokacinsu da iliminsu don amfanin gari ba tare da jiran albashi ba.

Kaya ya fi ƙarfin mai ɗauka

Kafin mu ɗora wa magajin gari laifi gaba ɗaya, ya kamata mu dubi nauyin da aka aza masa. A Nijar, a watan Yulin 2004 ne aka yi zaɓen farko na ƙananan hukumomi 265, aka miƙa musu tsaftar gari da kula da kasuwanni da tashoshin mota da rabon filaye da sauransu. An miƙa aiki, amma kuɗi da ma'aikata ba su biyo baya yadda ya kamata ba. Ƙaramar hukuma da yawa ba ta da injiniya ko ɗaya, ba ta da cikakkiyar taswirar garin da take mulki, ba ta ma san adadin rumfunan da ke kasuwarta ba. Tun watan Afrilun 2024 kuma aka rusa majalisun da aka zaɓa, aka naɗa jami'ai su riƙe ƙananan hukumomin. A Najeriya akwai ƙananan hukumomi 774, kuma sai da ta kai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, saboda yadda gwamnonin jihohi suka daɗe suna riƙe musu kuɗi.

Garuruwan kan iyaka kuma suna da wata matsala ta daban, domin yawancin abin da hukumarsu ke samu daga kasuwa da tasha yake fitowa. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, ba aljihun ɗan kasuwa kaɗai ya bushe ba, har da asusun magajin gari. Gari kuwa bai daina girma ba, sababbin unguwanni na ta tsirowa a bakin fadama da kan hanyar ruwa.

Ga hukuma marar ƙarfi, ga jama'a da suka zuba mata ido. Wannan hali ba mu kaɗai ke cikinsa ba. Akwai wata unguwa a ƙasar Pakistan da ta taɓa shiga wanda ya fi namu muni, kuma yadda ta fita daga ciki ya zama abin koyi a ƙasashe da dama.

Dattijon da ya fara da sauraro

Orangi unguwar talakawa ce a gefen Karaci, birnin da ya fi kowane girma a Pakistan. Mutane sun gina gidajensu a can ba tare da tsarin hukuma ba, har yawansu ya zarce miliyan ɗaya. A ƙarshen shekarun 1970 babu bututun ɗauke ƙazanta a unguwar. Ruwan wanka da na ban-ɗaki a tsakiyar lungu yake kwanciya, yara na wasa a ciki, gudawa da zazzaɓi sun zama ruwan dare, kuma danshi na cin gindin gine-gine. Hukumar birni ta ce unguwar ba ta cikin tsarinta, kuma ko tana ciki babu kuɗin da za a yi mata aiki.

A 1980 wani dattijo mai suna Dokta Akhtar Hameed Khan ya buɗe wani ɗan ƙaramin ofishi a can da sunan Shirin Gwaji na Orangi. Mutum ne da ya taɓa riƙe babban muƙami a gwamnatin mulkin mallakar Ingila a Indiya, ya ajiye don kansa, daga baya ya yi suna wajen aikin raya karkara a Comilla, wadda yanzu ke cikin Bangaladash. Bai zo da buhun kuɗi ba. Watannin farko yawo kawai ya riƙa yi lungu-lungu, yana zama da mutane yana sauraronsu. Abin da ya lura da shi shi ne, mutanen da suka iya gina gidajensu da guminsu ba za su kasa shimfiɗa bututu a ƙofar gida ba, sai dai akwai abubuwa huɗu da suka tare musu hanya. Na farko, sun sa a ransu cewa wannan aikin gwamnati ne kuma wata rana za ta zo ta yi kyauta. Na biyu, farashin da 'yan kwangila ke yankawa ya fi ƙarfinsu. Na uku, ba su da ilimin awon gangara da haɗa bututu. Na huɗu, ba su da tsarin da zai haɗa su su yi aiki tare.

Sai aka bi matsalolin ɗaya bayan ɗaya. Masana, cikinsu har da wani mai zanen gine-gine da ake kira Arif Hasan, suka sauƙaƙa aikin: tunda manyan motoci ba sa bin lungu, babu buƙatar a binne bututu da zurfi sosai, kuma ramukan dubawa ana iya zuba su da kankare nan take a wurin. Da aka cire ribar ɗan kwangila da na goro da ake bayarwa a ofisoshi, kuɗin aikin ya faɗo ƙasa warwas, ya zama abin da leburan gini ma zai iya biya. Maimakon a ce unguwa gaba ɗaya ta haɗu, sai aka ɗauki lungu a matsayin ƙungiya, gidaje 20 zuwa 40 waɗanda suka san juna, suka san wanda ke da amana da wanda ba shi da ita. Kowane lungu ya zaɓi wakilinsa, shi zai tara kuɗi, ya sayo siminti da bututu, ya tsara ranar aiki, ba tare da an biya shi ko sisi ba. Ofishin shirin kuwa aikinsa ya auna lungu, ya zana taswira, ya yi lissafin abin da za a kashe, ya ba da aron kayan aiki, ya sa ido a kan ingancin gini. Wani abu mai muhimmanci, ofishin bai taɓa riƙe kuɗin jama'a ba, daga hannun masu lungu sai hannun mai siminti. A lunguna da yawa mata ne suka matsa wa mazajensu lamba, wasu ma su ne suka riƙa bi gida-gida suna karɓar kuɗin, domin su ne ke jinyar yara idan cuta ta kama.

Da lungu ɗaya ya gama, maƙwabta suka ga ƙofar gida ta bushe, sai su ma suka zo neman a auna musu. A haka, cikin kusan shekaru 20, gidaje wajen 100,000 suka samu ban-ɗaki da bututu da kuɗinsu da ƙarfinsu, aikin ya game fiye da kashi 90 cikin 100 na lungunan Orangi.

Inda hukuma ta shigo

Mai karatu zai iya cewa, to ai wannan jama'a ne suka yi wa kansu aiki, ina ƙarfafa hukuma a ciki? A nan ne darasin yake. Tun farko masu shirin sun raba aikin gida biyu. Akwai na ciki, wato ban-ɗakin gida da bututun lungu da ƙaramin bututun da ke tattara na lunguna, wannan na jama'a ne. Akwai kuma na waje, wato babban bututu da wurin tace ƙazanta, wannan ba mai iya yin sa sai hukuma. Ba su taɓa cewa gwamnati ta je ta huta ba. Cewa suka yi, mun ɗauke miki wanda za mu iya, saura ki yi wanda ba mu iyawa, kuma ga shi a rubuce. Hukumar da a da take cewa aikin ya fi ƙarfinta sai ta tarar rabonta ya ragu zuwa abin da kasafinta zai ɗauka, hujjar ƙin yi kuma ta ƙare.

Abu na biyu shi ne taswira. Ɗaliban jami'a da matasan unguwa da aka horar suka riƙa auna tituna da kwazazzabai, suna zana inda ruwa ke bi da inda yake tsayawa. Aka miƙa wa kansilolin Orangi taswirar mazaɓunsu. Kansilan da a da yake shiga majalisa da baki kawai, yanzu yana shiga da takarda mai nuna tsawon magudanar da yake nema da abin da za ta ci. Daga baya matasan suka faɗaɗa aikin zuwa ɗaruruwan unguwannin talakawa na Karaci, har ta kai ma'aikatun gwamnati da kansu suna zuwa neman taswira a wannan ɗan ofishi, domin ba su da irinta.

Amfanin wannan ilimi ya fito fili a 1999. An shirya wani babban aikin bututun ƙazanta a yankin Korangi na birnin, wanda zai ci kimanin dalar Amurka miliyan 100, mafi yawansu bashi daga Bankin Raya Ƙasashen Asiya. Masu taswira da ƙungiyoyin unguwanni suka nuna cewa tsarin ya yi biris da bututun da jama'a suka riga suka shimfiɗa, kuma idan aka gyara kwazazzaban da ruwan ke bi aka rufe su, za a yi aikin da kuɗin gida a kan farashi mai rahusa ƙwarai. Gwamnan lardin Sindh ya soke karɓar bashin. A 2006 kuma gwamnatin Pakistan ta shigar da wannan tsari na raba aiki tsakanin jama'a da hukuma cikin manufarta ta ƙasa a kan tsafta.

Kada a ɗauka komai ya tafi sumul. An daɗe ƙazantar Orangi na zuba cikin kwazazzabai a buɗe kafin hukuma ta fara yin nata rabon, kuma har yau Karaci na fama da ambaliya da ƙarancin ruwan sha. Taswira ma tana da masu jin haushinta, domin tana tona asirin masu wawure filaye da masu satar ruwan famfo suna sayarwa a tanka. Perween Rahman, matar da ta shugabanci sashen bincike da horaswa na shirin bayan shekaru masu yawa tana wannan aiki, an harbe ta ta mutu a ranar 13 ga Maris, 2013, tana hanyar komawa gida daga ofis. Shi kuwa Dokta Khan ya rasu tun 1999.

Mu ma muna da gado

Aikin sa kai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Da gayya kakanninmu suka yi noma, suka yi yaɓen masallaci da ganuwa, suka yashe rijiya. A zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya a Nijar, matasa suka gina azuzuwa, suka dasa itatuwa, suka share garuruwa. Sai dai da yake daga sama aka tsara ta, sannu a hankali ta koma hannun masu mulki, ta zama ta tarbar baƙi da kiɗa da rawa, kuma da guguwar jam'iyyu ta taso a farkon shekarun 1990 sai ta dushe. A Najeriya, tun mulkin Janar Buhari na soja a tsakiyar shekarun 1980 aka san da sharar ƙarshen wata, inda ake hana zirga-zirga da safiyar Asabar. Kowa ya sha ganin yadda take ƙarewa: a kwashe dattin lambatu a tara a bakin titi, motar kwasa ba ta zo ba, ruwa na gaba ya mayar da shi inda ya fito. Jama'a sun yi na ciki, hukuma ba ta yi na waje ba, wahala ta tashi a banza.

Akwai kuma masu sa kai daga ƙetare. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa nata shirin a 1970, kuma ta keɓe ranar 5 ga Disamba ta kowace shekara domin karrama masu wannan aiki. 'Yan sa kai na Amurka da ake kira Peace Corps sun zauna a garuruwa da ƙauyukan Nijar tun 1962, da yawansu suka iya Hausa da Zabarmanci, amma a watan Janairun 2011 aka kwashe su saboda dalilan tsaro. Ba mu raina abin da irin waɗannan baƙi suka yi ba, sai dai baƙo raɓa ne, shekara biyu ya ɗaure kayansa. Wanda zai daɗe yana bibiyar magudanar kasuwa shi ne wanda rumfarsa ke bakinta.

Abin da 'yan kasuwa za su iya yi

Ba muna cewa a kwaikwayi bututun Orangi ido rufe ba. Bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa yana son ruwa mai yawa da zai riƙa tura shi, garuruwanmu kuwa matsalarsu ta fi karkata ga ruwan damina da yashi da leda. Abin ɗauka shi ne tsarin, kuma a ganinmu 'yan kasuwa sun fi kowa dacewa da shi, domin sun riga sun mallaki abin da mutanen Orangi suka sha wahalar ginawa. Kowace kasuwa tana da sarkinta, kowane layi yana da shugabansa, 'yan hatsi da 'yan tireda da mahauta da dillalan dabbobi da 'yan kamasho duk suna da ƙungiyoyinsu, kuma mutanen da ke ba juna kayan miliyoyi a kan amana ba za su kasa riƙe asusun gyaran lambatu ba.

Matakin farko shi ne a ƙirga. A samu matasa masu ilimi cikin 'ya'yan kasuwa, su zana kasuwar layi-layi, su rubuta adadin rumfuna da shaguna da masu baza kaya a ƙasa, su nuna inda ruwa ke shigowa da inda yake toshewa, da inda wayoyin lantarki suka cakuɗe, da hanyar da motar kashe gobara za ta bi idan ta ɓaci. Wayar salula ta yau ma ta isa ta yi rabin wannan aiki. Wasu za su ji tsoron kada wannan ƙidaya ta zama sandar ƙara musu haraji. Amma a tuna, idan ƙungiya ta san rumfuna nawa ne kuma nawa kowace ke biya ranar kasuwa, ta san abin da ya kamata ya shiga asusun hukuma, kuma duk wanda ke karɓa ba tare da ba da tikiti ba asirinsa ya tonu. Magajin gari mai gaskiya shi ma zai yi maraba da wannan lissafi, domin sau da yawa ba ya ganin duk abin da aka karɓa da sunansa.

Mataki na biyu, a zauna da hukuma tun da bazara, ba sai ruwa ya sauka ba, a rubuta yarjejeniya a kan takarda da sa hannun shaidu. Kowane layi ya ɗauki nauyin lambatun gabansa da tara shararsa a wuri ɗaya. Hukuma ta ɗauki nauyin babbar magudanar da ke fitar da ruwa daga kasuwa, da motar kwasar shara a ranaku sanannu, da filin zubarwa a bayan gari. A liƙa takardar a ƙofar kasuwa yadda kowa zai san wanda ya cika alkawari da wanda ya saɓa.

Mataki na uku ya shafi kuɗi. Kuɗin layi ya tsaya a layi, a hannun mutum biyu ko uku da aka yarda da su, a karanta lissafi a bainar jama'a bayan kowane aiki. Kuɗin hukuma kuma a nemi sanin yadda ake kasafta shi. A birnin Porto Alegre na ƙasar Birazil, daga 1989, wakilan unguwanni da ba a biyansu albashi suka riƙa zama da ma'aikatar magajin gari suna tsara ayyukan da za a fara yi da kuɗin gari, kuma cikin 'yan shekaru ruwan famfo da bututun ƙazanta suka isa unguwannin talakawa da dama. Tsarin ya yi rauni a can bayan mulkin birnin ya sauya hannu, abin da ke nuna cewa irin wannan ƙofa idan jama'a ba su tsare ta ba, rufewa take yi.

Akwai abubuwa biyu da muke jan kunne a kansu. Kada a bari ƙungiyar sa kai ta zama reshen wata jam'iyya ko 'yan amshin shatan wani mai mulki, domin ranar da ya sauka da ita zai sauka. Kuma kada a bari hukuma ta mayar da masu sa kai leburorin kyauta, tana karɓar haraji tana barci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma idan hannu biyu za su ɗauka, dole kowane ya kama gefensa.

Damina na tafe kamar yadda ta saba, ba ta jiran zaɓe, ba ta jiran tallafin ƙasashen waje. Muna kira ga sarakunan kasuwanni da shugabannin layuka, daga Gaya har zuwa Diffa, da takwarorinsu na tsallaken iyaka, da su fara da layi ɗaya kawai a bana, su auna shi, su gyara shi, su kai wa hukuma takardar abin da ya rage nata. Idan maƙwabta suka ga buhunan wannan layi a bushe ranar da nasu suka jiƙe, ba sai an yi musu wa'azi ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare dukiyoyinmu daga ruwa da wuta, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.